Daga zauren otal zuwa bakin tirela: intabiyu uku da na yi a Kaduna

Makon jiya ƙanen wani abokina ya same ni a shagon babana a Kasuwar Barci, fuskarsa cike da fara'a, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba, an kira ni intabiyu." Ina karanta layin farko gabana ya faɗi, domin kusan kalma da kalma irin saƙon da aka turo mini ne a farkon 2024. Na zaunar da shi a kan dilar yadi na ba shi labarin abin da na gani tun daga farko, muna nan har aka kira la'asar. Da zai tafi ya ce in rubuta shi saboda ire-irensa suna da yawa, shi ne na zauna na rubuta.

Na gama bautar ƙasa a watan Oktoban 2023, na dawo gida Tudun Wada da takardar HND, wato babbar difloma, ta akanta. Wata biyar ke nan da cire tallafin man fetur, kuɗin keke napep ya ninka, duk fitar da za ka yi sai ka yi mata lissafi tun daga ɗaki. Abu na farko da na yi, kuma har yau ina gode wa kawuna da ya matsa mini a kai, shi ne haɗa takardu wuri guda: sakamakon sakandare, na ND (ƙaramar difloma) da na HND, takardar kammala bautar ƙasa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, takardar haihuwa, takardar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), CV, da hotunan fasfo guda takwas. Wajen jera su ne kawu ya lura cewa yadda aka rubuta sunan mahaifina a sakamakon sakandare ya bambanta da na NIN da harafi biyu. Ni na ɗauka ba komai ba ne. Shi kuwa, da yake ya yi shekara talatin da biyar a aikin gwamnati, cewa ya yi, "Ɗana, harafi ɗaya ya isa a ajiye fayil ɗinka gefe." Washegari na tafi kotu. A bakin ƙofa akwai masu buga takardu a kwamfuta, ɗayansu ya buga mini takardar rantsuwa cewa sunayen biyu duk mutum ɗaya ne, na shiga na biya kuɗi na karɓi rasit, na bi layi aka buga hatimi aka sa hannu. Da kuɗin bugu da na hatimi da na mota na kashe wajen naira 3,500, kuma kafin azahar na gama. Na yi fotokofin kowace takarda biyar-biyar, na sayi fayil mai roba na zuba na asali daban.

Saƙon farko ya shigo da misalin ƙarfe tara na dare a watan Fabrairu. An ce an zaɓe ni, in zo gobe ƙarfe takwas na safe wani otal a wajen Unguwar Rimi, in yi shigar ofis, in zo da CV da biro. Babu sunan kamfani, babu sunan aikin, lambar da ta turo kuma irin ta kowa ce. A lokacin na tura takardun neman aiki wurare fiye da ashirin, don haka na ce ɗaya daga cikinsu ne. Na tashi Umma na faɗa mata, ta yi ta addu'a. Na ari kwat wajen maƙwabcinmu, na goge da dutsen guga na gawayi domin babu wuta. Ƙarfe bakwai da rabi ina ƙofar otal. Na tarar da mutane sun fi ɗari, maza da mata, kowa rungume da fayil cikin sanyin hunturu. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta ce tun asuba ta taso daga Kachia, kuma rancen kuɗin mota ta ci. Aka zagayo da takarda, kowa ya rubuta sunansa da lambarsa, da lambobin abokansa biyu da su ma suke neman aiki. Na rubuta, da niyyar alheri, ina ganin na buɗe wa abokaina ƙofa. Daga baya na gane ta wannan hanyar ce tawa lambar ta isa hannunsu.

Sai ƙarfe goma aka buɗe zauren. Maimakon tebur da masu tambayoyi, kiɗa ne ke tashi a lasifika, ga majigi a bango, ga wasu samari cikin kwat masu sheƙi suna cewa mu tashi mu yi tafi. Wani ya hau dandamali ya kwashe fiye da awa ɗaya yana nuna hotunan motoci da gidaje da tafiye-tafiye zuwa Dubai, yana cewa albashi bauta ne, mai hankali shi ke zama ubangidan kansa. Duk tsawon lokacin nan bai faɗi mene ne aikin ba. Bayan azahar aka fara kiranmu ɗaya bayan ɗaya zuwa wasu kujerun roba a kusurwa. Matashin da ya gana da ni ya karɓi CV ɗina ya kife shi a cinya, ko kallonsa bai yi ba. Tambayarsa ta farko ita ce, "Idan ka ɗaga waya yanzu, mutum nawa za su ba ka aron dubu hamsin kafin magariba?" Ta biyu, "'Yan uwanka nawa ne masu ciwon suga ko hawan jini?" Daga nan ya fito da wasu gwangwanayen magani ya ce aikin shi ne in sayi kashin farko, in sayar, in kawo mutum uku su ma su saya. Kuɗin fom naira 5,000 ne nan take, na kaya kuma dubu arba'in da biyar cikin mako. Fom ɗin yana da gurbin lambar BVN, wato lambar tantance mai asusu a banki. Allah ya taimake ni ban cike wannan gurbin ba, amma dubu biyar ɗin na biya, saboda na sha zama, na ji kunyar fita hannu rabbana, kuma wani sashe na zuciyata yana cewa wataƙila akwai aikin gaske a bayan wannan. Kuɗin da Umma ta ba ni ne daga cinikin ƙullin yajinta. Ba a ba ni rasit ba. Da na fito na hango matar Kachia zaune a kan dakalin bakin titi tana share hawaye da gefen mayafi. Har yau idan na tuna ta raina yana ɓaci. Abokaina biyu da na ba da lambarsu, a daren na kira su na ba su haƙuri, na ce idan saƙo ya zo kada su je.

Intabiyu ta biyu ta zo cikin azumi, a watan Maris. Wannan karon wuri ne na gaske, wata makarantar kuɗi a tsallaken kogin Kaduna da ke neman mai kula da kuɗin makaranta, kuma da hannuna na kai musu takarda. An ce ƙarfe tara. Mu goma sha ɗaya muka zauna a wani aji a kan kujerun yara, gwiwoyinmu na taɓa teburi, har ƙarfe sha biyu. Aka ba mu jarrabawar lissafi ta minti talatin, wadda ba ta da wuya ga wanda ya yi akanta, sannan aka ci gaba da jira. Ƙarfe biyu da kwata aka kira ni, maƙogwarona ya bushe. Mutum uku ne a bayan tebur. Na yi sallama na gaishe su, aka nuna mini kujera, sai kowa ya yi shiru. Na kai minti uku a zaune suna kallona, ɗayansu yana juya biro a hannu. Na ce a raina gwaji ne, na natsu. Da mai makarantar ya buɗe baki, ba zancen lissafi ya yi ba. Ya ce, "Waye babanka a garin nan?" Na ce tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, yanzu yana sayar da yadi. Ya ce, "A Tudun Wada kake? Idan gari ya rikice za ka iya tsallako gada?" Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san abin da ke cikin wannan tambayar. Tun rikicin 2000 mutane suka yi ta ƙaura, wasu suka koma arewacin kogi wasu kudanci, har unguwar da mutum yake ta zama kamar shaidar ko shi wane ne. Wani abokin karatuna ɗan Sabon Tasha, da ke kudancin kogi, ya gaya mini shi ma an yi masa irin tambayar a wani ofis a wajen Kawo, a arewacin kogi. Na amsa da cewa, "Yallaɓai, babana ya yi shekaru yana tsallaka gadar nan kullum, ni ma zan iya."

Suka ce na ci jarrabawa, sun kuma yaba da natsuwata. Sai sharuɗɗa suka biyo. Albashi naira 35,000. Na watan farko za a riƙe shi a matsayin ajiya har ranar da zan bar aiki. Sannan, da yake kuɗi zan riƙe, zan bar musu takardar HND ɗina ta asali su kulle a akwatinsu. Na nemi a ba ni kwana biyu. A cikin keke na yi lissafi: daga Tudun Wada zuwa Kasuwa, daga nan in tsallaka ta wajen filin wasa na Ahmadu Bello, zuwa da dawowa wajen naira 1,200 a rana, kwana ashirin da biyu ya kama 26,400. Abin da zai rage bai kai dubu tara ba. Duk da haka zuciyata ta karkata in karɓa, don zaman gida ya ishe ni, kuma ina jin nauyin idon mutanen layinmu. Bayan shan ruwa na kai maganar gaban Baba da kawu. Kawu ya ce, "Takardarka ita ce gonarka. Idan ka ba su ita, ranar da ka samu wurin da ya fi, da me za ka je? Kuma idan kuɗi ya ɓata, ko ba kai ba ne, ita za su riƙe." Baba ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ba da labarin yadda aka ɗauke shi a masaƙa: ya tsaya a bakin ƙofa da safe, wani shugaban sashe ya duba tafin hannunsa, ya tambaye shi ko ya iya karanta agogo, washegari ya fara aiki da katin shaida da asibiti kyauta. Ba don ya nuna zamaninsu ya fi ba ya faɗa, na ga dai abin yana cinsa ne cewa ya biya kuɗin karatuna da wahala ga kuma abin da ake yi mini tayi. Na kira su da safe na yi godiya na ce ba zan iya ba.

Afrilu da rabin Mayu suka wuce ba kira. Ina taya Baba zaman shago. Sai wani direban tirela da muke salla tare ya ce mini wani kamfanin dillancin taki da iri a Kakuri yana neman ma'aikacin sito kafin damina ta kankama. Na rubuta takardar neman aiki da hannu, na haɗa da CV da fotokofi, na kai wa maigadi, ya sa na rubuta sunana a wani babban littafi. Bayan kwana tara aka kira ni, da murya ba da saƙo ba. Matar ta faɗi sunan kamfanin, da adireshi, da sunan aikin, ta ce in zo da takardun asali a gani a ba ni abina. Wannan karon na yi abin da ban yi ba a baya: na shiga shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a waya, na buga sunan na ga yana nan, sannan ana gobe na je da ƙafata na ga motoci na shiga da fita, na tambayi mai shayin da ke bakin ƙofa ko ana biyan ma'aikata a kan lokaci. Ya ce shi dai ba wanda ya taɓa riƙe masa kuɗin shayi ya wuce ƙarshen wata.

Mu huɗu ne ranar. Na sa farar riga da baƙin wando, na goge takalmi. Sakatariya ta duba takardunmu na asali, ta gwada da fotokofi, ta tsaya a kan bambancin sunan nan, na miƙa mata takardar kotu, ta gyaɗa kai ta mayar mini da komai. Muna jiran a kira mu ofis, sai manaja, wani dattijo mai furfura cikin kaftani da ya sha ƙura, ya fito ya ce mu biyo shi. Bayan gini muka zagaya zuwa sito. Ya raba wa sauran ukun rumbuna su ƙirga abin da ke ciki, ni kuma ya miƙo mini takardar kaya da biro ya nuna wata tirela da ake kwance wa tamfol. Ya ce, "Buhu 600 na yuriya ne a rubuce. Ka karɓa, ka sa hannu, ka kawo mini." Ya juya ya tafi. Ban san ko intabiyun ke nan ba ko kuwa ana rage lokaci ne. Buhun taki kilo 50 ne, buhu 600 tan talatin ke nan, cikin tirela guda. 'Yan dako takwas suka fara sauke wa da gudu, kowa buhu a ka, zufa na zuba, ƙurar takin tana shiga ido da hanci. Na tsaya a bakin ƙofar sito ina jan layi a bayan takarda, huɗu a tsaye na biyar ya ratsa su. Na roƙi sarkin 'yan dakon a jera talatin-talatin don in iya sake dubawa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam ɗan boko, mu da muka shekara ashirin a nan?" Amma ya sa aka yi hakan.

An kusa awa biyu ana saukewa. Layukana suka ba ni 596. Na koma cikin sito na bi jerin: sha tara cikakku, na ashirin buhu ashirin da shida. Uku daga ciki kuma sun fashe a baki, farin takin yana tsiyaya a ƙasa. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara tashi. Direban ya zo yana faɗa, "Malam, sa hannu in tafi, Saminaka zan kwana. Lissafinka ne ya ɓata, daga inda aka yi lodi cikakke aka ba ni." Sarkin 'yan dako ya goya masa baya, yaran suka kewaye ni suna jiran sallama. Jikina ya yi sanyi, na fara zargin kaina, domin su da yawa ne ni kaɗai, kuma ni baƙo ne. Na sake ƙirgawa karo na uku, 596. Sai direban ya ja ni gefe ya sassauta murya, ya dunƙula wasu kuɗi ya tura mini a aljihun riga, ya ce, "Ga na ruwa, buhu huɗu ba ya kashe kamfani." Na ciro na mayar masa a hannu na ce, "Baba, ka yi haƙuri, abin da na gani shi zan rubuta." Na rubuta an karɓi 596, huɗu babu, uku sun fashe, na sa hannu da lokaci. Ya ƙi sa nasa hannun.

Na shiga ofis rigata ta koma ruwan toka, hannuna na karkarwa. Manaja ya karanta takardar, ya buɗe labulen taga ya nuna mini buhu huɗu jingine a ɗakin maigadi. Da safe shi ya sa aka cire su, kuma direban ma'aikacinsu ne, ya san komai. Na ɗauka yabo zai biyo, sai ya ce, "Lokacin da ya sa maka kuɗi a aljihu, me ya hana ka zo ka gaya mini nan take?" Na ce ban so in tona masa asiri ba ne. Ya ce, "Ƙin karɓa ya tsare ka kai kaɗai. Gobe zai gwada na kusa da kai." Na karɓi gyaran. Ya ƙara tambayoyi biyu kawai, ko na iya shigar da lissafin kaya a kwamfuta, da kuma wane ne zai tsaya mini. Gaba ɗaya zaman bai kai minti goma ba. Da za mu tafi sakatariya ta ba kowannenmu ambulan da naira 3,000 kuɗin mota, har waɗanda ba a ɗauka ba.

Kwana biyar bayan nan aka kira ni in karɓi fom ɗin masu tsaya mini, mutum biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati ɗaya mai sana'a da aka san wurinsa, kowa da hoton fasfo da fotokofin katin shaida. Nan ne aka fi ɓata lokaci, domin mutane suna tsoron sa hannu, kuma da gaskiyarsu, tunda fom ɗin ya ce idan kaya suka salwanta ta hannuna za a neme su. Wani malamina na sakandare ya karanta shi sau biyu kafin ya yarda, sai wani aminin Baba mai shagon kayan gini. Kamfanin ya turo mutum a babur ya ga gidanmu da shagon. Na je asibitin gwamnati gwajin lafiya, aka ɗibi jini da fitsari aka auna hawan jini, na kashe wajen naira 6,000 da wuni guda, na kuma adana rasit ɗin, wanda aka mayar mini da kuɗinsa tare da albashin farko. Babbar Salla ta ratsa a tsakiyar Yuni, komai ya tsaya na mako guda, ni kuwa ko naman ban ji daɗinsa ba saboda zullumi. Bayan salla aka ba ni takardar ɗaukar aiki: gwajin wata uku, albashi a rubuce, ranakun aiki da na hutu, da bayanin fansho, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari daga nawa kamfani ya zuba kashi 10, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Kawu ya sa tabarau ya karanta ta layi-layi kafin na sa hannu.

Abin da na gaya wa yaron nan a shago shi ne kada baƙuntar tambaya ko ta wurin intabiyu ta zama ma'auninsa. Wadda ta fi kowacce ban mamaki a cikin ukun ita ce ta kirki. Ya duba ina kuɗi ya nufa: a otal daga aljihuna ya fita, a makaranta albashina da takardata aka so riƙewa, a Kakuri ni aka ba kuɗin mota. Saƙon da babu sunan kamfani da sunan aiki, ya kira lambar ya tambaya, idan aka fara kewaye-kewaye ya zauna a gida. Kada ya rubuta lambar BVN a fom ɗin da ba na banki ba, kada ya ba da lambobin abokansa, kada takardarsa ta asali ta kwana a hannun kowa. Ya gyara bambancin suna tun kafin a kira shi, ya fara neman masu tsaya masa tun yanzu, ya cire kuɗin mota daga albashi kafin ya ce to. Idan an ɗauke shi da baki, ya nemi takarda, domin dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci haƙƙin samun sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ya kuma gaya wa wani a gida inda za shi da lokacin da ake sa ran dawowarsa, musamman 'yan mata, don ba kowane kira zuwa otal ne yake ƙarewa a asarar dubu biyar ba.

Gwajin tirelar ma ina da abin cewa a kansa. Ba a gaya mana mu sa kayan da za su jure ƙura ba, ba a ba mu abin rufe hanci ba, kuma ɗaya daga cikinmu mai ciwon asma ne, sai da ya fito waje ya zauna yana haki, bai ƙarasa ƙirgarsa ba. Wannan ba rashin amana ba ne, amma ya rasa aikin. Da daminar bana ta gabato aka ce za a ɗauki mataimaki, manaja ya ce ni zan cire buhunan da safe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da roƙo. A gaya musu a waya cewa za su shiga sito, a tambayi mai larura, a ajiye musu ruwa da takunkumi." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya kira sakatariya ya ce ta ƙara hakan a cikin abin da za ta faɗa musu.